Daddawa Mai Yatsu Uku

Ina da farfaɗiya. Na faɗa tun yanzu, don mai tashi ya tashi ya bar wa wani wurin zama.

A gidanmu a Keffi ba a kiran sunan ciwon. Inna, mahaifiyata, "abin nata" take cewa. "Ku matsa, abin nata ya tashi." Malamin da ake karɓo mini rubutu a wurinsa "mai iska" yake ce mini. Yaran unguwa ba su da wannan kara, su ce "'yar kumfa" su ruga. Sauran gari kuwa, mai farfaɗiya. Sunan da aka raɗa mini na kusa mantawa da shi, don Inna kaɗai ke kiransa, ita ma sai ranta ya ɓaci.

Kowane suna da abin da yake jawowa. Mai iska a yi mata hayaƙi. Mai farfaɗiya a guje ta. An ce ciwon yana cikin kumfar baki, yana cikin yawu, har cikin tusar da mutum zai yi yana kwance a ƙasa. Saboda haka in na faɗi, kafin in farfaɗo wurin ya zama fili, kowa ya toshe hanci ya yi ta kansa. In na tashi sai a zo a barbaɗa toka inda bakina ya taɓa. Kwanona daban, an ɗiga masa jan fenti a gindi. Moɗata daban. Ba na jefa guga a rijiyar unguwa. In ajiye tulu in ja da baya, wata ta tsiyaya mini tana kau da kai.

Shekarar da aka yi ta kiɗan samun 'yancin kai, ina budurwa, na faɗi cikin murhu. Inna ta tafi rafi. Akwai mata a tsakar gida, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Suka koma bakin zaure suna salati, suna jiran abin ya sake ni. Ya sake ni. Wutar ma ta sake ni, amma ta riƙe kasonta. Ƙaramin yatsana na dama da na kusa da shi suka naɗe suka manne da tafi. Saura uku. Tun daga ranar hannun yake cikin mayafi, don na gaji da jin "Allah sarki".

Bayan ƙunar ta warke Inna ta kai ni gidan wani mai magani can bayan Garaku. Hayaƙi da safe, sassaƙe da yamma, mari a ƙafar duk wanda aka ce yana gudu. Waɗansu an kawo su ne an manta hanyar. Na yi damina guda a can. Inna ta zo dubiya, ta kalli idona, ta naɗe tabarmata ta ce mu tafi. Daga baya aka fara ba ni 'yar farar ƙwaya a asibiti, faɗuwar ta ragu. Sunan bai ragu ba. Na kuma gane wani abu da kaina: kafin ya zo ina jin ɗanɗanon ƙarfe a baki, kamar na tsotsi ƙusa. Da na ji, sai in bar gaban wuta in nemi tabarma.

Inna mai daddawa ce. A gefenta na koya, da ido, don ba ta barina in taɓa ta sayarwa. Ta rasu bayan yaƙin basasa. Gida ya koma hannun Yaya, wanda nake bi, masinja a ofishin gwamnati. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, ma'aikata sun cika Keffi suna neman ɗakin haya, ɗakina kuma yana bayan gida da ƙofarsa ta waje. Yaya ba mugu ba ne. Ido dai gare shi.

"Ke, ba korarki nake yi ba," ya ce. "In kin iya ci da kanki, ɗaki naki ne. In ba ki iya ba, mai maganin nan na bayan Garaku yana nan da ransa."

"Na ji, Yaya."

"Ba ki da abin cewa?"

"Na ce na ji."

Na wanke tukwanen Inna. Na dafa kalwa har ta yi laushi, na sussuke ta a turmi, na wanke ɓawon, na sake dafawa, na juye a kwando na lulluɓe da ganye na bar ta ta ruɓe. Ranar da na buɗe, warin ya tsallake katanga ya shiga gidajen mutane. Wari mai kyau, irin wanda ke sa mai azumi istigfari. Na daka, na dunƙula, na jera a faifai a ƙofar gida.

Ƙudaje kaɗai suka zo.

Mata suka riƙa bin ɗaya gefen hanya. Wadda ta tsaya, daga nesa, maƙwabciyarmu ce Hajiya, matar wani mai shagon atamfa. Katanga ɗaya ta raba ɗakina da madafinta. A unguwarmu abin da Hajiya ta sa a miya shi kowa ke sawa, abin da ta tofar kuma an tofar.

"Baiwar Allah, wa kike so ki kashe?" ta ce. "Daddawar mai farfaɗiya? Ki ji tsoron Allah ki kwashe abin nan kafin yara su taɓa."

Na kwashe.

Mai kawo wa Inna kalwa wata tsohuwa ce daga Agwada, muna ce mata Iya. Hausarta a karkace take, mace da namiji duk "kai" take ce musu, amma kanta a miƙe yake. Ita kaɗai ke shan ruwa a moɗata. Ta ce ta ga abin da ya fi kumfa a duniya. Ta zo ana gobe kasuwa, ta same ni zaune da faifai cike. Ta ɗauki ɗaya, ta sansana, ta gutsura.

"Kai, yarinya, wannan ya fi na uwarka."

"Ba mai saye, Iya."

"Don me?"

"Ta mai farfaɗiya ce."

"Shi daddawan ya taɓa faɗuwa?"

"A'a."

"To zuba mini a kwando. Amma latse shi ya baje tukun, ya fi bushewa, ya fi jeruwa."

Na latse da hannun da Allah ya bar mini. Kowace ta fito da layi uku a baya, da ɗan rami a gefe, inda gaɓar naɗaɗɗun yatsun ta danna. Ban yi don ado ba.

Da safe Iya ta fita ta ƙofata da kwando rufe da ganye. Mata suka tambaye ta ina za ta kai wannan masifa. Ta ce ƙauye. Ta kama hanyar ƙauyen, ta zagaya ta bayan gonaki, ta tsaya ta shafa jar ƙasa a ƙafa kamar wadda ta sha tafiya, ta shigo kasuwa ta inda 'yan Agwada ke shigowa. Ta sauke, ta buɗe. Aka ce ta ina ce? Ta ce ta Agwada.

Kafin azahar ta kife kwando.

Haka muka zauna shekaru. Unguwa ta san ina daddawa, ai wari ba ya ɓuya. Sun dai ɗauka tawa fita take yi zuwa ƙauye, ta ƙauye kuma tana shigowa gari. Kwando ɗaya ne, Iya ɗaya ce, ba wanda ya taɓa haɗa biyun, don ba mai kusantar kayana balle ya kalla. A bakin rijiya ina tsaye can gefe da tuluna ina jin su.

"Allah sarki mutanen ƙauye. Ana kai musu ciwo a kwando, suna ci suna godiya."

"Rashin sani ke nan. Mu da muka sani ai sai hamdala."

Hajiya ta zama gwanar abin. Ita ta raɗa mata "mai yatsu uku". Ita ta bayyana wa mata cewa al'adar matan Agwada ce tun kakanni, wai layukan nan uku duwatsun murhu ne. Ban san inda ta samo wannan ba. Wata rana har ta leƙo ta kan katanga ta yi mini nasiha.

"Ke da za ki ɗanɗana ta Agwada, da kin daina wahalar da itace. Waɗannan su ne mata. Hannu gare su."

"Ikon Allah," na ce.

Matar Yaya ma ita take saye. Ta kaɗa miyar kuka da ita, ta zuba mini kasona a kwanona mai jan fenti, ta miƙo da tsawon hannu.

"Ci ki ji yadda ake daddawa."

Na ci.

"Yaya kika ji?"

"Da ɗan dama. Ta so ta ƙara kwana a ganye."

"Hassada dai," ta ce.

Da abin ya yi suna sai masu daddawar gari suka fara naɗe yatsu biyu suna latsawa da uku. Na ga wata da idona tana gwadawa a bayan rumfa, harshe a waje. Amma ba a cutar Hajiya. Ta koya wa mata su juya su duba gefe. "In babu ɗan ramin nan, jabu ce." Ramin nan kuwa sai an shiga murhu ake samunsa.

Na sayi hatsina, na ɗinka zanena, har na yi wa ɗakina rufin kwano. Wannan ya sa Yaya ya ƙara kallonsa, amma magana magana ce, ya bar mini ɗakina.

Sai 'yar Hajiya ta haihu, jikan fari. Surukai za su zo suna daga Lafiya, kuma Hajiya ta riga ta saba musu da miyarta, ta cika musu baki. Tana son daddawa mai yawa, ranar kasuwa kuma sai bayan suna. Ga shi mijinta Alhaji ya sayi sabuwar fijo wadda ke neman dalilin fita. Hajiya ta ce ba za ta jira wata tsohuwa ba, za ta je tushen abin da kanta.

Ina jin tashin motar ta katanga. Na ci gaba da daka. Ba abin da zan iya.

Iya ce ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Hajiya ta sauka a Agwada ta tambayi gidan masu daddawa mai yatsu uku. Matan suka kalli juna. Ɗaya ta ce, "Au, ta Keffi?" Ashe duk abin da ya rage a kwando Iya gida take komawa da shi ta sayar, ta ce ta birni ce, matan Keffi ke yi. Ni kaina ban san wannan ba. Aka raka Hajiya gidan Iya, aka same ta tana ɓarar gyaɗa. Iya ba ta ko tashi ba.

"Hajiya, ka ƙona mai a banza. Katanga ɗaya ne tsakaninku."

Bayan la'asar na ji fijo ta dawo, ba a ko rufe ƙofarta ba. Hajiya ta faɗo tsakar gidanmu, gyale a kafaɗa, matan unguwa a bayanta. Yaya ya dawo daga ofis ke nan, bai cire kaki ba.

"Fito, munafuka! Fito ki gaya wa jama'a abin da kika ciyar da su!"

Na fito da faifai. Ina cikin aiki ne, hannuna duk daddawa, ban rufe shi ba. Yawancinsu rabonsu da ganinsa tun yana ɗanyar ƙuna. Na ɗauki dunƙule ɗaya na ajiye, na danna, na ɗaga. Layi uku da ɗan rami.

Wata ta saki salati. Wata ta hau kaki tana tofarwa, kamar za ta dawo da miyar bara. Matar Yaya ta dafe bango ta ce wayyo jiri, ga shi nan ya kama ta.

"Ciki ne da ke," na ce. "Kowa ya sani sai Yaya."

Yaya ya juya ya kalle ta. Wata ta yi dariya ta haɗiye.

"Kada ki kawar da zance!" in ji Hajiya. "Kin yaudare mu!"

"Ni ban ce komai ba. Kin ce ta Agwada, na ce ikon Allah."

"Ciwo kika zuba mana a tukunya!"

"Tun kafin a canja kuɗi kike cin ta, Hajiya. Wa ya faɗi a gidanki?"

"Ai kwanciya yake yi a jiki!"

"To ya yi barci mai nauyi. Alhaji fa?"

"Ki fita harkar Alhaji!"

"Ƙiba na ga yana yi."

Ban ci riba da bakina ba. Suka fita suna Allah ya isa. Yaya ya jira har tsakar gida ta yi shiru.

"Kin zubar mini da mutunci a unguwa," ya ce. "Yanzu ba mai saye. In ba mai saye, ba ki ci da kanki ba. Magana ta koma inda take. A gama sunan nan, washegari in sa ki a mota."

"Na ji, Yaya."

Kwanakin nan unguwa ta yi aiki. Aka darje tukwane da toka da yashi. Aka zuba daddawa mai kyau a masai. Wata ta ɗauki tukunyar miyarta sukutum ta kai wa malam ya yi mata tofi. Iya ta tako da ƙafa daga Agwada, ta zagaya gidajen da aka saba, ta dawo da kwando yadda ta fita da shi. Ta zauna ta sha ruwa a moɗata.

"Kai, bar su. Bakinsu ya gama magana, saura cikinsu."

Ni ban ga abin dariya ba a lokacin. Na naɗe tabarmata na ɗaure. Ƙarar marin nan na bayan Garaku nake ji a kunne.

Amma katanga ɗaya ce, kuma Alhaji ba ya magana a hankali. Ranar farko an yi masa miya da dunƙulen kanti. Na ji ya ture kwano.

"Wannan miya ce ko ruwan wanki?"

Washegari aka gwada ta jabu.

"Hajiya, wai me na yi miki?"

"Alhaji, ai ka ji abin da aka gano."

"Na ji. Shekara da shekaru ina ci, ko tuntuɓe ban yi ba."

Sai ga surukai sun iso. Uwar mijin, tsohuwa mai murya kamar ta mai shela, tun daga zaure take cewa ta zo da gwangwani wofi, ba za ta koma Lafiya ba sai an cika mata shi da daddawar nan ta bara. Na ji Hajiya ta ce, "Ai ba komai, ai ba komai."

Ana gobe suna, rana tsaka, kowa ya shige inuwa, aka ƙwanƙwasa ƙofata ta baya. Hajiya ce, mayafi har hanci, kwano a ƙarƙashinsa.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Hajiya, ɓatan hanya?"

Ta dubi hagu, ta dubi dama.

"Akwai... ta Agwada?"

"Akwai. Yanzu ta sauka daga mota."

"Zuba mini, yi sauri."

"Nan ƙofar mai farfaɗiya ce. Ta Agwada a ƙofar gaba ake sayar da ita."

"Ke, don girman Allah ki rufa mini asiri."

"Jibi za a kai ni Garaku, Hajiya. Can ba kalwa. Ki yanke shawara."

Na rufe ƙofa. Na ɗauki faifan Inna na fita ƙofar gida, daidai inda ƙudaje suka yi mini ciniki shekarun baya. Na yi ta jerawa ina sake jerawa, har masu dawowa daga sallar azahar suka fara wucewa, mata suka fara leƙe daga zaure. Ban san ko za ta zo ba. Na yi ta lasar leɓe ina neman ɗanɗanon ƙarfe, ina roƙon Allah kada ya zama yau.

Ta zagayo. Tafiya take kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ta tsaya, ta miƙo kwano da tsawon hannu. Ban zuba ba. Na ɗauki ɗaya da hannun dama na miƙa mata, na bar shi a sarari. Ta daɗe tana kallon hannun. Daga cikin gidanta muryar tsohuwar Lafiya ta taso tana tambayar ko an ɗora miya.

Ta karɓa. Sabo ya sa ta juya ta duba gefe, ta sa babban yatsa a ɗan ramin.

"Ta ainihi ce," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani."

Ta cika kwano, ta aiko da gwangwanin tsohuwa ma. Abin da Hajiya ta sa a miya shi kowa ke sawa. Kafin la'asar wadda ta kai tukunya wurin malam ta zo, ta ce ai yanzu tukunyar tana da kariya. Matar Yaya ta fito ta ce ita ba ta so, cikin ne ke so. Yaya ya dawo ya tarar da faifai a kife. Ya tsaya, ya kalle shi, ya kalle ni.

"An dai bar mana ta miya?"

"An bari."

Ya shige. Bai sake ambaton Garaku ba. Na kwance tabarmata.

Kada a ɗauka gari ya shiryu. Waɗansu ba su sake saye ba har suka mutu. Kwanona ya zauna da jan fentinsa har ya huje. Rijiya ban jefa mata guga ba har aka kawo famfo, shi kuma famfo ba ya tambayar kowa. Ina faɗuwa jefi-jefi har yanzu. Wata rana na faɗi a ƙofar gida, na farka na tarar an naɗe zane an sa mini a ƙarƙashin kai, mata kuma suna can nesa, kowa na cewa ba ita ba ce. Zanen atamfa ne mai tsada, irin na shagon Alhaji. Da na tashi, aka zo aka barbaɗa toka kamar kullum.

Hajiya ba ta taɓa cewa "taki" ba har ta bar duniya. Kullum "akwai ta Agwada?" Unguwa ta bi ta. Iya ta daɗe da rasuwa, amma baƙo in ya shigo yana neman mai daddawa, sai a nuna masa rufin kwanona a ce, ga gidan ta Agwada can.

Ni kuwa har yau ban taɓa taka Agwada ba. An ce gari ne mai kyau.